Ranar Da Na Zauna A Teburin Baba Tankari

Baiwar Allahn da ta rubuto mini cewa 'ya mace mai tarbiyya ba ta taɓa karta, na ga saƙonki, na gode. Amma ki gyara zama ki karanta har ƙarshe, in kin gama sai ki zage ni da hujja. Ni Hamdia ban iya rufa-rufa ba. Abin da na yi a Guangzhou farkon shekarar casa'in da tara, ido biyu na yi shi, kuma da za a mayar da ni yau wallahi sai na sake.

Ga waɗanda yau suka fara bina: ni 'yar zangon Kumasi ce. Yayana Inusah ne ya ɗauko ni lokacin da kasuwar Bankok ta mutu mutanenmu suka fara kwararowa Sin, wai in taya matarsa Anti Alima zama. Muna can saman wani dogon bene a Xiaobei, ɗaki biyu da falo, falon ma rabinsa kwalaye ne har rufi. Zaman taya hira bai karɓe ni ba. Kafin a ankara na tsinci Sinancin kasuwa, daga “lawban”, wato maigida, da “meyo”, wato babu, har na iya faɗa da mai shago, baƙi suka riƙa ɗaukata tafinta. Ɗan abin da na tara na kwasa na kai Xintang, garin masu ɗinka jins, na sa aka ɗinka mini dogayen siket har idon sawu, da ɗan aikin zare a ƙasa, irin wanda budurwar zango za ta sa ranar Sallah babanta bai ce uffan ba. Ni na zana su da hannuna. Aka cika kwalaye aka jibge mini bayan kujerar Anti.

Sai maganar hanya. Kwantenar ƙarshe da za ta isa Lome kafin Babbar Sallah ta Alhaji Tankari ce, wani dattijo mutumin Maraɗi da ke yi wa kowa lodi. Tana tashi Sinawa za su rufe komai su tafi bikin sabuwar shekararsu, babu mota babu ɗan dako. Manyan 'yan kasuwa sun riga sun cinye cikinta. Saura ɗan wuri a bakin ƙofa, na kayan mutum ɗaya, ƙananan 'yan kasuwa kuwa kowa idonsa a kai.

A da dambe ake yi a kan wurin nan, har an taɓa fasa wa wani baki. Shi ne Baba Tankari ya kafa doka: duk mai kaya a ɗaure ya zo gidansa ranar Lahadi bayan azahar a buga poka, wata karta da suka koyo a Bankok, wanda ya ci wurin nasa ne. Kuɗi kuwa ko sisi ba ya hawa teburinsa. “Ni ba ni tara caca a ɗakin da nike salla,” haka yake cewa. Maɓallan ƙarfe na wandon jins ake rabawa, tulin kowa daidai da na ɗan'uwansa. A wasan hira na kowace Lahadi, in naka sun ƙare sai ka ɗebo wasu a buhu. Ranar gasa kuwa, suna ƙarewa ka tashi.

Wasan ba wuyar faɗi. Kowa a ba shi karta biyu ya ɓoye, a riƙa jera biyar a tsakiya sannu a hankali, kowa ya haɗa da nasa a ga wanda ya fi. Kana iya zuba maɓalli, kana iya ƙarawa a kan na wani, kana iya ajiye kartarka ka ce ba ka ciki. Shi ke nan fa. Amma a kan wannan na ga maza masu gemu suna gumi cikin sanyin Janairu.

Ni ke kai musu wake da shinkafar da Anti ke dafawa, in tsaya zuba shayi. Babu mai kallon mai zuba shayi, ni kuwa kowa ina kallonsa. In mun dawo gida, Yaya ya fita kasuwa, sai mu baje maɓallai a kan tabarma ni da Anti. Farkon koyona abin kunya ne. Duk kartar da aka ba ni sai na shiga, in an cinye ni in ƙara shiga da fushi. Anti Alima da ko dokar ba ta gama riƙewa ba ta riƙa kwashe ni, don kawai ta iya zama shiru.

“Ke matsalarki ba ki iya barin abu ya wuce ba,” ta ce da ni wata rana tana tara maɓallaina. “Ko a kasuwa haka kike. An ce miki meyo, sai kin tsaya musu.”

Maganar ta yi mini zafi don gaskiya ce. Daga ranar na ɗaure kaina. Kartar da ba ta da kyau in ajiye ta, ko da na gaji da zama, ko da hannuna na ƙaiƙayi. In an cinye ni in tashi in sha ruwa kafin in sake taɓa karta. Anti ta ce in na samu mai kyau ina murza ɗankunne, na daina. Watanni ina wannan horon, har ya bi ni kasuwa: mai shago ya faɗi kuɗi, in yi shiru ina kallon rufi, shi da kansa ya fara ragewa.

To, sai Harouna.

Ku bar ni in faɗa tun yanzu, ina son shi, kar wata ta ce wulaƙanci ne ya kai ni. Dogo ne, ɗan Maraɗi, mai sarin rediyo da agogo, kullum cikin shadda ya ɗora baƙar rigar fata a kai, ƙamshinsa na riga shi shigowa lif. Shi ya saya mini feja, 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a ƙugu kafin wayar hannu ta yawaita. Kowace safiya sai ya kira 'yar Sin ɗin da ke tura saƙo ya yi ta jera mata harafi ɗaya-ɗaya, don kawai in ga INA KWANA GIMBIYA. Kuma a teburin Baba Tankari babu wanda ya kai shi.

Ana saura 'yan kwanaki gasa, kaset ɗin Mma ya iso a hannun wani baƙo. Mahaifiyarmu ba ta rubutu, magana take ɗauka ta aiko. Yaya ya sa a rediyo a tsakiyar falo.

“Hamdia, an ce yaron nan na Maraɗi mai hankali ne. Me kike jira? Sa'o'inki na goye da na biyu, ke kina can kina cin abinci da tsinke. Bayan Babbar Sallah nake so a gama magana, kin ji ni ko?”

Yaya ya kashe rediyon ya dube ni.

“Kin dai ji. Takardar zamanki ta kusa ƙarewa. In kayan nan suka tafi, na yarda ke 'yar kasuwa ce, in sabunta miki. In suka kwana a falon nan har Sinawa suka rufe, ki haɗa jakarki ki koma wurin Mma ki jira ɗaurin aure.”

Ana haka feja ta yi ƙara: KIRA NI. Na yafa mayafi na sauka shagon tsohuwar da ke da tarho a ƙasan bene.

“Gimbiya, mi na wahala?” in ji Harouna. “Ni zan ci wasan nan, kowa ya sani. In na ci sai in matsa, a cusa rabin kwalayenki cikin nawa, a rubuta sunana su tahi.”

“Sunanka.”

“To mi ne ne? Ni da ke ai ɗaya ne.”

“Ba mu zama ɗaya ba tukuna, Malam Harouna. In sun isa Lome da sunanka, wa za a kira? In sun karɓu a Kumasi, kayan wa za a ce?”

Ya yi dariya, irin wadda ake yi wa yaro in ya ce zai tuƙa mota. Dariyar nan ce ta ƙarasa ni.

“Ranar Lahadi zan zauna teburin,” na ce, na ajiye kan tarhon, na ce wa tsohuwa shiyeshiye, wato na gode, na hau sama.

Ranar na sa atamfata ruwan ganye, na ɗora rigar sanyi baƙa, na naɗa mayafi mai kauri na soke shi da allura don kar hannuna ya sami abin gyarawa. Na cire 'yankunne, na cire awarwaro, ko janbaki ban shafa ba. Yaya ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, wai zan zubar masa da mutunci a gaban mutanen Nijar. Da ya ga na sa takalmi, ya ɗauki hularsa ya biyo ni yana huci.

Falon Baba Tankari ya cika, ƙamshin shayi da na turaren wuta, tagogi a rufe saboda sanyi. Na gaishe shi har ƙasa, na ja kujera.

“Ɗiyata, butar shayin na can fa,” ya ce.

“Baba, yau ina da kaya a ɗaure.”

Wani Munkaila, mutumin Kano mai sarin takalma, ya tuntsire da dariya. “Haba Alhaji! Mace a teburi? Gobe kuma sai ta ja mu salla.”

Baba ya shafa gemu ya daɗe yana dubana. “Doka ta ce mai kaya. Ba ta ce mai gemu ba. A ba ta maɓalli.”

Aka fara. Aka ba ni karta, na leƙa, na ajiye. Aka sake, na ajiye. Aka sake, na ajiye. Maza na ta ruguntsumi, wannan ya ƙara, wancan ya ƙara, wani ya tura duka nasa a kan banza ya tashi yana salati. Ni ina zaune kamar an dasa ni.

“Hajiya ɗumama kujera ta zo yi,” in ji Munkaila. “A kawo mata filo.”

Wallahi maganar ta shige ni, kuma a lokacin akwai sarki da tara a hannuna, masu ɗan kyan gani. Zuciyata ta ce shiga ki nuna masa. Na haɗiye yawu na ajiye su. Da aka gama jera na tsakiya na ga da na shiga da na ƙone ƙurmus.

Shi Munkaila na daɗe da sanin halinsa: in burga yake yi, bakinsa ba ya rufuwa, har Turanci yake haɗawa. Can aka ba ni goma biyu. Ya zuba, na bi. Ya ƙara yana ta surutu, na bi. Ya tura duka yana cewa in koma kicin tun da girmana, na tura nawa ban ko kalle shi ba. Aka buɗe, babu komai a hannunsa sai hayaniya. Ya tashi ya tsaya jikin taga har aka kira la'asar.

Bayan an idar da salla, teburin ya rage saura mu biyu, ni da Harouna.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne na yi wautar da har yau in na tuna nake cizon yatsa. Harouna ba ya rabuwa da tasbaha a hannun hagu. Tun ina zuba shayi na lura, duk lokacin da ya samu karta mai ƙarfi, yatsunsa tsayawa suke cak. Shi bai sani ba, babu wanda ya sani, ko Anti ban gaya wa ba. Da wannan na zo, shi ne makamina.

Aka raba. Ya leƙa kartarsa, tasbaha ta tsaya. Na zuba kaɗan ina shirin gudu in ya ƙara. Sai kawai ya ajiye kartarsa ya turo mini maɓallai. Na ce a raina ko idona ne. Aka ɗan jima, tasbaha ta sake tsayawa, ya sake ajiyewa. Don in tabbatar, da aka ba ni bakwai da biyu, kartar da ko Anti ba za ta shiga da ita ba, na zuba da gangan. Ya leƙa nasa, yatsu suka tsaya, ya yi wani ɗan murmushi, ya ajiye.

Bar mini yake yi. A gaban kowa yake ba ni sadaka, kowa na ɗauka ni ke ci.

Mai hankali shiru za ta yi ta kwashe wurinta ta tafi, na sani. Ni kuwa jinina ya tafasa har kunnuwana na ƙara.

“Baba, a buɗe kartarsa.”

“Ba a buɗe kartar da aka ajiye, ɗiyata.”

“To shi ya buɗe da hannunsa in yana da gaskiya.”

Harouna ya ɗago. “Gimbiya, mi ya yi zahi?”

“Kar ka ce mini gimbiya a nan. Kartarka ta fi tawa ka ajiye. Ba sau ɗaya ba.”

“Wa ya gaya miki?”

“Tasbaharka! Duk sanda ka samu mai kyau tsayawa take, tun bara nake kallonta!”

Innalillahi. Maganar na fita na san na yi ɓarna. Abin da na yi watanni ina ɓoyo, na zubar da shi a numfashi ɗaya saboda baƙar zuciya. Harouna ya dubi hannunsa na hagu kamar ba nasa ba. A hankali ya naɗe tasbahar ya sa a aljihu. Sannan ya juya kartar da ya ajiye: sarki biyu.

Falon ya kaure. Mutanen Maraɗi na cewa subhanallahi, Munkaila na tafa hannu daga jikin taga.

“Don ke na yi,” Harouna ya ce ƙasa-ƙasa. Idonsa ya yi ja.

“Na sani. Gobe duk Xiaobei a ce Harouna ya yi wa Hamdia toshi da bakin kwantena. Jibi in mun yi faɗa a ɗaki ka tuna mini.” Na ware maɓallan da ya bar mini na tura gabansa. “Ka buga da ni yadda kake bugawa da maza, ko kar ka sake hawa benenmu.”

Baba Tankari ya ce magana ta yi, a ci gaba.

Jama'a, ashe ban taɓa ganin Harouna na wasa ba sai ranar. Hannu biyu ya ɗora a kan teburi, fuska kamar bango. Na zuba, ya ƙara. Na sake zubawa, ya ninka. Ban san yaushe yake da kaya ba, yaushe yake burga ba, ni da kaina na tsone idona. Sai ajiyewa nake yi, tulina na zaizayewa, har ya koma abin da tafin hannu ɗaya zai rufe. Na hango kaina a tsakar gidan Mma ina tankaɗe, siket ɗina na shan ƙura a bayan kujerar Anti. Hawaye ya taho. Zuciyata ta ce tura duka kowace irin karta ce, a gama, ki huta da kunyar nan.

Sai na ji an ajiye kofi kusa da hannuna. Na waiga, Yaya Inusah ne da butar shayi. Tun da aka haife ni bai taɓa zuba mini ko ruwa ba. Ya koma bayana ya tsaya.

Na kurɓa, na leƙa kartar, ba ta da kyau, na ajiye. Ta gaba ma na ajiye. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba, na dai san shayin ya huce. Can aka ba ni as, wadda ta fi kowace karta girma, da sarki, na tura ɗan abin da ya rage, ya bi, na ci. Na sake yin lamo. Na ƙara samun wata, na ci. Tun da ba ni da tasbahar kallo, sai na koma lura da yadda yake zubawa, na gane fushi ya fara sa shi sauri. Sannu a hankali tulina ya kamo nasa har ya ɗan ɗara.

Aka ba ni takwas biyu. Aka jera uku a tsakiya: sarki, uku, da takwas. Takwas uku ke nan a hannuna. Hamdiar da ce, da tuni ta tura duka ta kore shi. Na ce na wuce, ban zuba komai ba. Ya zuba, na yi jim kamar mai shakka, na bi. Aka jera ta huɗu, na sake cewa na wuce. Ya dube ni ido cikin ido, ya sa hannu biyu ya turo duk abin da ke gabansa.

“Na bi,” na ce.

Ya buɗe as da sarki. Na buɗe nawa. Baba ya jera ta ƙarshe, wata biyar ce da ba ta amfani kowa ba.

Babu wanda ya yi shewa. Baba Tankari ya yi gyaran murya ya ce, “Wuri na Hamdia ne. Gobe da sahe a kawo kaya.”

Harouna ya miƙe, ya gyara rigar fatarsa. Na ɗauka fita zai yi, sai ya dafa teburin ya sunkuyo.

“Kin san abin da ke cikin kwalayena?”

“Rediyo.”

“Lefenki ne.” “Akwatuna, atamfa, leshi, takalma, komi. Na yi wa Mma alkawari za su isa Kumasi kahin Sallah. Na ce in kin ci za ki matsa mini, kamar yadda na ce zan matsa miki. Rabin wuri ya ishe su. Ki rage siket, su shiga.”

Na juya na dubi Yaya. Ya sunkuyar da kai, ashe ya sani. Kowa ya zuba mini ido, har Munkaila. Ga mutumin da nake so a tsaye a gabana, na kunyata shi a gaban 'yan garinsu, na cinye shi, yanzu yana roƙona rabin wuri don ya kai mini kayan aurena. Wallahi na ji tausayinsa har cikin ƙashina. Na kuma san in na rage kwali ɗaya, ragowar za su kwana a falo, Sallah ta wuce su.

“To ɗiyata,” in ji Baba, “wuri naki ne. Mi za a loda?”

Na ɗago na dubi Baba.

“Siket, Baba. Duka. Lefe ba ya lalacewa, ya jira.”

Na ji takun Harouna, na ji an buɗe ƙofa, iska mai sanyi ta bugi bayana. Ban waiga ba.